Darasin Zuciya da Aka Sace Mini a Wudil

Ranar Juma'a na sauka a Wudil, ban kuma san ranar kasuwa ce ba. Muna haye gada direba ya tsaya, ya sauke mini akwati, ya ce makarantar tana gaba, in nemi babur. Ko'ina shanu ne da manyan motoci ana ta lodi, ga ƙaurin kifi ya cika wurin. Na tsaya rungume da akwatina ina kallon allunan shaguna, ina haɗa baƙaƙen Ingilishi a raina kamar 'yar aji biyu.

Sunana Habsatu, daga Mirriya kusa da Damagaram. Duk karatuna da Faransanci na yi shi. Na koyar shekara biyu a wata firamare ta ƙauye kafin in samu gurbi a tsangayar ilimi ta jami'a, sashen koyar da kimiyya. Ingilishin da na zo da shi na wata shida ne, ya isa gaisuwa da tambayar hanya, bai isa lacca ba.

Baba manomi ne, bai yi boko ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwani yake ce mini. Da ƙyar ya yarda da tafiyar, kuma da sharaɗi guda: in zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, cikin makaranta. Ya ce duk ranar da zama ya koma gidan haya a cikin gari, to karatu ya ƙare, in tattaro in dawo. Baba ba ya maimaita magana.

Ranar Litinin aka fara rajista. Na bi layi tun safe, da na isa gaban tebur ma'aikacin ya jujjuya takarduna ya ce, "Wannan kuma da wane yare aka rubuta?" Ya ture su gefe ya kira na bayana. Ina tsaye hawaye na neman zubo mini sai na ji an ce, "Baƙuwa ce ke ko? Kawo in gani."

Wani dogon saurayi ne, tsaf da shi, da 'yar alama mai hoton fitila maƙale a aljihun rigarsa. Ya ce sunansa Nazifi, ɗan aji uku ne a tsangayarmu. Kwana uku ya yi yana yawo da ni daga ofis zuwa ofis, har aka samu wanda ya tabbatar da fassarar takarduna. Ko ruwan leda na saya masa ba ya karɓa. Wannan alheri ya yi mini shi da gaske, kuma duk abin da ya faru daga baya bai sa na manta da shi ba. Da na manta, da abin ya fi mini sauƙi.

A ɗaki aka haɗa ni da Rifkatu, 'yar Filato, Kirista, mai dariya da ƙarfi. Ranar farko na ce ta ara mini bik. Ta ce, "Me?" Na nuna. Ta kwashe da dariya ta ce, "Biro! Ke daga wace duniya kika fito?" Na ji haushi, na juya mata baya. Da la'asar na dawo na tarar ta share kusurwar ɗakin, ta janye bokitinta da takalmanta, ta ce nan ne wurin sallata, gabas tana can. Daga ranar muka shirya.

A mako na uku aka yi makon ƙungiyoyi. An jera tebura a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, kowace ƙungiya da kyallenta da lasifikarta. Ga ta muhawara, ga ta wasan kwaikwayo, ga ta masu shuka itatuwa, ga kuma ƙungiyoyin jihohi, kowace jiha da teburinta. Rifkatu ta hango mutanenta ta ruga, suka rungume juna suna yarensu. Ni na bi teburan ɗaya bayan ɗaya. A kowanne tambayar ɗaya ce.

"Wace jiha?"

"Damagaram."

"A Jigawa take?"

A teburin 'yan wasan kwaikwayo na yi suɓul da baka na ce na taɓa shirya wa yara wasa a lakwal ɗinmu, wato makarantarmu. Suka fashe da dariya, suka ce in sake faɗa. Shugabansu ya ce lallai suna so na, akwai wani wasa da suke neman wadda za ta fito a baƙauyiya mai gurɓatacciyar Hausa. Na ajiye musu fom ɗinsu na wuce.

Tebur na ƙarshe babu lasifika, babu hayaniya. Farin kyalle ne da hoton fitila, Nazifi na zaune a bayansa. Ya ce wannan ita ce Ƙungiyar Fitila, ta zaƙaƙuran ɗaliban tsangayar ilimi, kuma ba a shigarta da rubuta suna. Sai makinka na zangon farko ya kai wani mataki, sannan ka shirya darasi naka na kanka, wanda ba ka kwafo a ko'ina ba, ka je makarantar ƙauye ka koyar da shi a gaban kwamitin malamai. Tsofaffin 'yan ƙungiyar ma duk shekara sai sun kawo sabon darasi, wanda ya kasa a cire shi. Na yi godiya zan tafi, don na san ba wurina ba ne.

A hanyar komawa ɗaki Rifkatu ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce gado a cikin makaranta na sababbin ɗalibai ne da 'yan ajin ƙarshe. Daga aji biyu kowa haya yake nema a Sabon Gari, sai mai babban rabo. Amma 'yan Fitila ana ware musu gadonsu har su gama.

Na ce, "In ban samu gado ba fa?"

Ta ce, "Sai mu kama ɗaki tare mana, mene ne a ciki?"

Na gaya mata sharaɗin Baba. Ta ce, "To ai kin ga aikin da ke gabanki."

Zangon farko ban san yadda zan kwatanta shi ba. Malami zai yi magana awa biyu, in kama kalma ɗaya in rasa uku. Ina rubuta abin da kunnena ya ji, in dawo ɗaki in buɗe ƙamus, Rifkatu ta maimaita mini da Hausarta ta Jos. Duk lokacin da aka ce za a yi gwaji sai in kwana ina bita. Na rame har zanena ya daina zama. Ranar Juma'a kuwa, bayan an sauko daga masallaci, nakan je bakin kara, kasuwar shanu, in tsaya kamar mai jiran wani. Ba kowa nake jira ba. Fataken shanu daga wajenmu nake saurare, in ji suna cewa "hwa" da "shina zuwa", in ji kamar ina ƙofar gidanmu. Wata tsohuwa mai soya kifi ta lura da ni. Ba ta taɓa tambayata komai ba, sai dai ta matsar mini da benci, ta naɗe mini kan kifi a takarda.

Da sakamako ya fito na kasa zuwa allon. Rifkatu ce ta je ta dawo tana ihu tun daga nesa. Na haye matakin, da ƙyar, amma na haye.

Saura darasi. Wannan bai ba ni tsoro ba, don ina da shi tun a gida. A ƙauyen da na koyar ba mu da hoto, ba mu da littafi sai na malami, kuma yara sun kasa gane yadda jini yake zagaya jiki. Sai wata rana na fito da su fili, na zana zuciya a ƙasa da toka, ƙatuwa, mai ɗakuna huɗu da ƙofofi. Can gefe na zana huhu, can kuma sauran jiki. Yaran su ne jini. Kowa ya riƙe busasshen ganye ya shiga ɗaki na farko, ya wuce na biyu, ya fita zuwa huhu, a can ya ajiye busasshen ya ɗauki ɗanye, ya dawo ta ɗaki na uku da na huɗu, ya kai wa jiki. Yara biyu suna tsaye a kowace ƙofa, duk wanda ya nemi komawa baya su tare shi. Ɗaya yana buga galan, shi ne bugun zuciya. In na ce ana gudu, mai galan ya ƙara sauri, fili ya kaure da dariya. Bayan wannan babu yaron da ya sake mantawa.

Matsalar ita ce sai an miƙa shi a rubuce da Ingilishi. Na rubuta da Faransanci a falle uku, na kai wa Nazifi. Muka zauna a ɗakin karatu, ina yi masa bayani da Hausa yana bugawa a kwamfutarsa. Ya yi ta tambaya: ƙofofin nawa ne, ganyen wane iri, mai galan a ina yake tsayawa. Na ji daɗi, na ɗauka sha'awa ce. Ya buga mini kwafi ɗaya, ya riƙe fallayena ya ce zai ƙara dubawa.

Bayan kwana biyu ya neme ni, fuskarsa da damuwa. Ya ce, "Habsatu, na yi tunani. Wannan wasan yara ne. Kwamitin nan manyan malamai ne, za su ce kin mayar da kimiyya tashe. Ga wani na shirya miki a kan sassan fure, shi ne irin wanda suke so."

Na karɓa na yi godiya har da rusunawa. Mako biyu ina haddace darasin fure, kalmomin suna maƙale mini a wuya. Ana saura kwana uku na gwada a gaban Rifkatu. Ta saurara har na gama, ta ce, "Gaskiya in ni ce yaran, barci zan yi. Ina wancan na toka da kika ba ni labari?"

"Nazifi ya ce ba za su so ba."

"Nazifi ne zai tsaya a gaban yaran ko ke?"

Sai na miƙa na zuciya, ban gaya masa ba, don ina jin kunyar ya ga na ƙi shawararsa.

Kausani aka tura ni, wata ƙaramar sakandare. Damina ta sauka, ƙasa da laima, tokar ta kwanta raɗau. Yara suka shiga wasan kamar sun daɗe da saninsa. Wata yarinya mai tsaron ƙofa ta cafke wani da ya nemi komawa baya ta ce, "Malama ta ce jini ba ya ribas!" Shugaban makarantar yana ta dariya. Na waiga wajen kwamiti ina murmushi, sai na ga babu mai murmushi a cikinsu. Dakta Laraba, uwar ƙungiyar, wata dattijuwa 'yar Gombe mai farin gilashi, ta rufe littafinta tun ban kai rabi ba.

Da aka tashi ta kira ni gefen mota. Ta ce, "Daga ina kika samo darasin nan?"

"Nawa ne, Dakta."

"Makon jiya mun je Indabo, tsofaffin 'yan ƙungiya sun yi nasu. Wannan darasin muka gani, da tokarsa da ganyensa da galan ɗinsa. Takardar da kika miƙa kuma ko waƙafi bai bambanta da tasa ba."

"Ta wa?"

"Ta Nazifi."

Na dafa motar. A hanyar dawowa babu wanda ya yi mini magana. Washegari aka kawo mini takarda: in bayyana a gaban kwamitin ladabtarwa na tsangaya, bisa zargin satar aikin wani. Rifkatu ta karanta mini sau biyu. Hukuncin yana iya kaiwa ga kora.

Na sami Nazifi a bayan ɗakin lacca. Ina tsammanin zai kauce, amma ya tsaya, har ya riga ni magana.

"Ba na ce miki ki yi na fure ba? Da kin ji maganata da duk wannan bai faru ba."

"Darasina ne, Nazifi."

"Labari kika ba ni. Ingilishin nawa ne, tsarin nawa ne, a kwamfutata yake da kwanan wata. Ke me kike da shi?" Ya sassauta murya. "Saurara. Ni shekara ta uku ke nan, in aka cire ni yanzu na shiga uku, kowa ya san ni da ƙungiyar nan. Ke sabuwa ce, baƙuwa ce. Ki rubuta cewa kin gani a wurina, ba ki san laifi ba ne, a ƙasarku ba a hana ba. Ni da kaina zan roƙa miki. Iyaka su hana ki shiga Fitila, ba za su kore ki ba. In kika ja, to ni ba ruwana."

Na ce ya ba ni fallayena uku. Ya ce bai san inda suke ba.

Ba zan ɓoye ba, na rubuta takardar ban haƙurin. Na zauna a bakin gado na rubuta ta da hannuna, ina cewa a raina gara in koma gida don rashin gado da in koma da sunan ɓarauniya. Rifkatu ta shigo ta karanta ta bisa kafaɗata. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "In kika miƙa wannan, kin zama ɓarauniyar ke nan, da sa hannunki." Na ninke takardar na sa a jaka. Ban yaga ba.

A zaman farko malamai biyar ne. Nazifi ya buɗe kwamfutarsa ya nuna ranar da aka buga darasin, ya yi bayani da Ingilishi mai santsi. Ya ce ya taimake ni tun ranar rajista, bai taɓa zaton zan yi masa haka ba. Da aka zo kaina Ingilishin ya gudu gaba ɗaya. Na fara jimla na kasa ƙarasawa. Dakta Laraba ta ce, "Yi da Hausa." Na faɗi komai. Wani malami ya ce labari ne mai daɗi, amma ina shaida?

A nan ne na tuna. A makarantunmu kowane malami yana da littafin shirin darasi, kuma duk mako darakta, wato shugaban makaranta, yana dubawa ya buga hatimi ya sa kwanan wata. Darasin zuciya yana cikin nawa, da zanensa. Na bar shi a gida cikin tsofaffin littattafaina. Na ce zan sa a ɗauko hotonsa. Suka ce hoto kowa yana iya haɗawa, littafin suke so a hannu. Aka ba ni zuwa Alhamis ta sama, ƙarfe goma.

Littattafan suna cikin wata adaka a ɗakin Baba, makullin yana aljihunsa. Babu yadda za a yi a ɗauko bai sani ba. Kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Na san abin da zai ce: ga irin abin da ya guda ke nan, in dawo gida. Ranar Lahadi da safe na daure na kira. Muka gaisa, na tambayi Inna, na tambayi shuka, ya ce ana tsakiyar noman farko, gero ya yi kyau. Sai na gaya masa. Na faɗi har da maganar kora.

Ya saurara har na gama. Can ya ce, "Kin ɗauki abin wani?"

"A'a, Baba."

"Wane littafi ne?"

"Mai shuɗin bango, da hatimi a ciki. A ba direban Kano, zan je in karɓa."

Ya ce, "To." Ya kashe.

Litinin na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Talata aka ce a kashe take. Na kira yayata da ke aure a Damagaram, ta ce ita ma ba ta same shi ba, Inna kuma ba ta da waya. Na shiga Kano, na je tashar da motocinmu suke sauka, na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda aka ba saƙo. Laraba na sake komawa, haka na dawo hannu biyu. Abinci ya ƙi shiga. Rifkatu ta dama mini kunu ta tsaya a kaina sai da na sha rabi. Tunani iri-iri: ko ya yi fushi ne ya ƙi aikowa, ko gara ta cinye littafin, ko ciwo ya kama shi saboda abin da na gaya masa. Tsohuwa mai kifi ma na wuce ta gabanta ban gan ta ba, sai da ta kira ni ta ce, "'Yar nan, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, na yi sauri kafin in fashe da kuka.

Ranar Alhamis na shirya tun ƙarfe takwas. Na duba jaka, takardar ban haƙurin tana nan. Na yanke cewa ita zan miƙa. Muna fitowa daga ɗaki sai ga wata ɗaliba ta ce ana nemana a bakin get, wani tsoho ne, masu gadi sun hana shi shiga.

Na hango shi tun daga nesa. Yana zaune a kan wani buhu a gindin katanga, da rawaninsa da tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta zuwa Juma'a, ƙafafunsa duk taɓo. Baba, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya bar gona a tsakiyar noma ba, ko biki ake ko rasuwa. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Uwani, tashi, mutane na kallo." Ya miƙe ya dafa buhun. "Na buɗe adakar, na ga duk masu shuɗin bango ne. Ban san wanne ba ne, shi ya sa na kwaso duka."

Tun Talata ya taso. Motarsu ta lalace bayan Magarya suka kwana a hanya, da ya shigo Nijeriya kuma layinsa ya daina aiki. Ya ce bai ba direba ba don direba yana iya mantawa.

Muka zazzage buhun a nan bakin get. Littattafaina ne tun na aji ɗaya, da na lissafi, da na shifta, har da allon kwali da na fara rubutu a kai. Rifkatu ta durƙusa a cikin taɓo da siket ɗinta mai kyau tana buɗewa tana jefarwa gefe. Masu gadin da suka hana shi shiga su ma suka sa hannu, ɗaya yana tambaya, "Mai hoton me aka ce?" Shi ne ma ya same shi. Ya ɗaga ya ce, "Ga wani mai ɗakuna huɗu!" Goma saura kwata.

Baba ya ƙi shiga ofis. Ya ce shi ba ya jin abin da za a faɗa, zai jira a inuwa.

Na ajiye littafin a gaban Dakta Laraba. Ba ta jin Faransanci, amma ba ta buƙace shi ba. Ga zanen, ga kibiyoyi, ga 'yan mutane a bakin ƙofofi, ga galan a gefe, ga hatimin darakta da kwanan wata na shekara biyu da suka wuce. Ta duba shafin gabansa da na bayansa, ta miƙa wa na kusa da ita. Littafin ya zagaya ya dawo. Sannan ta tura shi gaban Nazifi ta ce, "Kana da abin cewa?"

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, "Na yi ta nema ban samu nawa ba, Dakta. Lokaci ya ƙure mini." Aka ce ya cire alamar ya ajiye a kan tebur, sauran hukuncinsa kuma za a sanar da shi. Wajen cirewa fil ɗin ya soke shi. Na ɗauka zan ji daɗi. Ban ji ba, sai na kawar da kai.

Ni ma ban fita haka kawai ba. Dakta Laraba ta ce an wanke ni daga sata, amma na ba wani ya rubuta mini aikin da aka ce in yi da kaina, wannan ma kuskure ne. Ta ba ni mako biyu in sake rubuta darasin da Ingilishina, komai karyewarsa, ba tare da hannun kowa ba. Na rubuta. Ta dawo mini da shi ja-wur da gyara, na sake, ta sake dawowa da shi. A karo na uku ta karɓa. A ƙarshen zango aka maƙala mini alamar, sunana kuma ya fito cikin masu gado. Nazifi an dakatar da shi zango guda. Da ya dawo mukan haɗu a hanya, mu gaisa a taƙaice, kowa ya wuce.

Amma a ranar, da na fito daga ofis, ban san duk wannan ba tukuna. Abin da na sani kawai ba a kore ni ba. Na tarar da Baba a inuwa, Rifkatu ta kawo masa ruwa da shinkafa da wake, tana durƙushe tana ce masa Baba, yana tambayarta me suke shukawa a garinsu. Na gaya masa yadda aka yi. Ya ce alhamdu lillahi, ya wanke hannu, ya ce a nuna masa tasha. Na roƙe shi ya kwana ya huta, ya ce ciyawa ba ta san ya yi tafiya ba.

Muka mayar da littattafan cikin buhu, na riƙe guda ɗayan. A tasha na ce ya bar sauran in zubar, nauyi ne kawai. Ya ce a'a, adakarsa ce za ta zama wayam. Ya shiga mota ya zauna a bakin taga, buhun a kan cinyarsa. Ana jiran mutum biyu mota ta cika, sai ya leƙo ya ce, "Kin san a kan iyaka sai da suka sa na zazzage shi?"

"Suka ce me?"

"Wani ma'aikaci ya ɗauki ɗaya ya buɗe, ashe yana jin Faransanci. Ya ce, tsoho, mai littafin nan sifili ta ci a shifta, ina za ka kai wannan shara?" Baba ya gyara rawaninsa. "Na ce masa ya rufe a hankali, ya mayar inda ya ɗauka. Na ce kayan malama ne, ana jiransu a jami'a."

Mutum biyun suka zo, kwandasta ya buga ƙofa. Na bi motar da ido har ta hau gada. Sai a lokacin na ji yunwa ta kama ni, irin wadda rabona da ita tun ranar Kausani.